Yadda ake wasa wuƙar farauta da adana ta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wuƙar da za ka shiga daji da ita gobe da asuba, yau da la'asar ake zama da ita, ga hasken rana, hannu kuma a natse. Yawancin wuƙaƙen da suka mutu a hannun mafarauta, abu uku ne ajalinsu: injin washi na bakin kasuwa, jiƙaƙƙen kube, da hannun da ba ya tsayawa a kwanciya ɗaya in yana goga wuƙa a dutse. Fata da ƙashi ba su kai waɗannan ukun ɓarna ba.

Ka fara sanin ƙarfen da ke hannunka

Wuƙaƙen da ke yawo a arewacin Kamaru, daga Garwa zuwa Marwa har Kusiri, iri biyu ne. Akwai ta maƙera, wadda galibi daga sifirin tsohuwar mota ko tsohon magagari ake ƙera ta. Tana ɗaukar kaifi da wuri, tana da daɗin washi, amma tsatsa take yi da zarar ta kwana da jini. Sai ta kanti, mai sheƙi, wadda 'yan kasuwa ke kira inoks. Ita ba ta damu da laima ba, sai dai mai araharta taushi gare ta, kaifinta ba ya jimawa, kuma tana ba da wahala a ƙarshen washi.

Taurin ƙarfe da magagari ake gane shi. Ɗora sabon magagari a gefen bakin wuƙar, kusa da ƙota, ka tura sau ɗaya ba da ƙarfi ba. In ya kama ya ci har ka ga gari, ƙarfen mai taushi ne: bakinsa lanƙwashewa zai riƙa yi, ba karyewa ba. In ya zame da ƙara kamar an goga shi a kwalba, ƙarfen ya yi tauri: zai riƙe kaifi, amma ranar da ya gamu da ƙashi zai yi giɓi. Wannan gwajin shi zai gaya maka yadda za ka kwantar da wuƙar a dutse.

Sannan ka fita rana, ka juya bakin wuƙar sama, ka dube shi daga ƙota zuwa tsini. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli, don ba shi da faɗin da haske zai sauka a kai. Duk inda ka ga farin layi ko ɗigo yana walƙiya, nan ne ya dakushe ko ya lanƙwashe. A wuƙar fiɗa, galibi wajen lanƙwasar ciki ne, can dab da tsini, domin nan ne ke shan aiki.

Dutse

Dutsen washi na kanti mai fuska biyu, ɗaya kaushi ɗaya laushi, shi ne aka fi samu, kuma ya isa fara aiki. A sani dai, fuskarsa mai laushin ma ba wani laushi gare ta ba. A ma'aunin da ake bugawa a bayan sanfefa, lamba 220 zuwa 400 ta gyaran baki ce da cire giɓi, 800 zuwa 1000 ta kaifin aiki, daga 2000 zuwa sama kuma ta aska. Wuƙar farauta ba ta bukatar wuce 1000. Bakin da aka tsaya da shi a nan yana da ƙananan haƙora da ido ba ya gani, su ne ke kama fata da jijiya. Wanda aka goge har ya zama madubi yana aske gashin hannu a gaban abokai, amma a kan busasshiyar fatar gada sai ya riƙa zamewa.

Wanda yake ƙasar duwatsu ya huta. Dutse mai yashi-yashi irin na kewayen Garwa, wanda in ka shafa shi da ruwa yake sakin gari, yana cin ƙarfe sosai. Ka zaɓi mai lallausan ƙwaya, wanda babu tsakuwa a jikinsa. Ƙaƙƙarfan dutsen nan na tsaunukan Mandara kuwa, mai ɗigon fari da baƙi, bai cika kyau da washi ba: ƙwayarsa ba daidai take ba, yana karce wuƙa, kuma ba ya sakin gari. Mutanen bakin kogunan Lagwane da Shari, inda sai ka yi tafiya mai nisa ba ka taka dutse ba, suna da mafita biyu. Baƙar sanfefar masu fentin mota, wadda ake aiki da ita da ruwa, a shimfiɗa ta a kan gilashi ko tayil. Ko gindin kofin tangaran, wannan zoben da ba a shafa wa sheƙi ba, ya isa ya tayar da kaifin da ya fara kwanciya.

Jiƙa dutsen kanti cikin ruwa minti 5 zuwa 10, har kumfa ta daina tasowa. Ruwan shi ke ɗauke garin ƙarfe don kada ya toshe idon dutsen. Wasu da mai suke yi, ba laifi, amma dutsen da ya sha mai sau ɗaya ya rabu da ruwa ke nan, domin ruwan ba zai ƙara shiga ba. Man gyaɗa da man auduga kada su kusanci dutse. Suna daskarewa su zama danƙo, dutsen ya koma santsi. In ya riga ya toshe, a wanke shi da kananzir da tsohon buroshi.

Dutsen da ya yi kwari a tsakiya ba zai taɓa ba ka miƙaƙƙen baki ba. Zana masa layuka da fensir, tsaye da kwance, ka watsa lallausan yashin rafi da ruwa a daɓen siminti, ka kife shi kana murzawa kana zagayawa. Da layukan sun goge gaba ɗaya, ya baje.

Kwanciyar wuƙa

A nan aikin yake, kuma a nan ake faɗuwa. Tsakanin ruwan wuƙa da fuskar dutse ana so a sami kamar digiri 20 a kowane gefe. Wuƙar da aikinta fiɗa ne kawai, ƙarfenta kuma mai kyau, tana ɗaukar 17. Wadda za ta raba gaɓoɓi ta sare reshe, ko wadda magagari ya nuna taushinta, a ba ta 25, don bakin ya sami abin jingina a bayansa.

Ba sai da ma'auni ba. Ninke takarda daga kusurwarta, ka sami 45; sake ninkewa, ka sami 22 da rabi. Tsayar da wannan ninkin a kan dutse, ka jingina wuƙar a jikinsa, idonka da wuyan hannunka su haddace tsayin. Ko kuma ka yi lissafi: a digiri 20, bayan wuƙa yana tashi daga dutse da kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ruwanta. Wuƙa mai faɗin santimita 3, bayanta ya tashi santimita 1. Mai faɗin 4, ya tashi santimita 1 da milimita 4.

Akwai wata dabara da ke raba gardama. Shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a gefen bakin, duka ɓangarorin biyu, ka ja wuƙar sau uku a dutse ka duba. In tawadar ta goge daga sama, bakin kansa yana nan baƙi, wuƙar ta kwanta da yawa: kafaɗa kake ci, wato inda gangaren bakin ya fara, ko za ka kwana kana gogawa kaifi ba zai zo ba. In siririn layi ne kawai ya goge a can ƙarshen baki, wuƙar ta tashi da yawa. In ta goge daga kafaɗa har baki, ka samu. Kada ka ƙara motsa wuyan hannunka.

Shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa ko a kan benci, ka ɗora dutsen don kada ya gudu. Hannun dama na riƙe da ƙota, babban yatsa a bayan wuƙar. Yatsu biyu ko uku na hagu a kan ruwanta, kusa da baki amma ba a kansa ba, daidai wurin da ke taɓa dutse. Tura wuƙar gaba kamar mai son yanko ɓawon dutsen, kana jan ta gefe daga gindi zuwa tsini. Motsin daga kafaɗa da gwiwar hannu yake fitowa, wuyan hannu a kulle. Da ka iso lanƙwasa, ɗaga gwiwar hannunka kaɗan domin ƙota ta tashi, in ba haka ba tsinin ba zai taɓa dutse ba. Kuma ka tsaya tun tsinin yana kan dutse. In kana barin shi yana faɗowa daga gefe, bayan washi goma za ka tarar ya zama mulmulalle.

Dannawa kuma, kamar nauyin da za ka sa ka murƙushe ƙuli-ƙuli mai taushi da yatsu, ba fiye ba. Ka bi dutsen duka, har gefe da gefe, don kada tsakiya ta yi kwari.

Leɓe

Kada ka juya wuƙar don ka gaji, ko don ka ƙirga ashirin. Ana juyawa ne in leɓe ya fito. Idan gogawa ta ci ƙarfen har ta kai ainihin bakin, wani siririn ƙarfe yakan lanƙwaso zuwa ɗaya gefen, kamar leɓen tulu. Ido bai cika ganinsa ba, yatsa ke jin sa. Shafa cikin babban yatsanka daga bayan wuƙar zuwa baki, ka wuce, a gefen da ba ka goga ba. Kada ka taɓa bin tsawon bakin da yatsa. Za ka ji ɗan kaushi yana kama fatarka. Duba shi a gindi, a tsakiya, a lanƙwasa, a tsini. Inda babu shi, washi bai kai ba; koma wurin kaɗai.

Mai cewa wuƙarsa ba ta jin washi, sau da yawa bai taɓa kai ta ga leɓe ba. Yana goga nan kaɗan, can kaɗan, ɓangarorin biyu ba su taɓa haɗuwa ba, bakin yana nan da faɗinsa. Wuƙar da ta jima a dakushe tana iya cin minti 15 ko 20 a gefen farko kafin leɓen ya bayyana. Gefe na biyu ba ya kai haka, amma ka ba shi kusan adadin da ka ba na farko, don kada bakin ya karkace gefe guda ya riƙa jan yanka.

Da leɓe ya koma ɗaya gefen daga gindi har tsini, kaushi ya gama nasa. Wanke wuƙar da hannunka, domin ƙwaya ɗaya ta dutse mai kaushi in ta hau mai laushi za ta yi ta karce. Juya dutsen. Yanzu rage dannawa da rabi: ja 10 a dama, 10 a hagu, sannan biyar-biyar, uku-uku, sai ɗaya-ɗaya kamar sau goma, na ƙarshen nauyin wuƙar kaɗai ke kan dutse. Abin da kake nema shi ne leɓen ya sirance har ya rabu.

In ka bar shi, zai yaudare ka. Wuƙa mai leɓe tana aske gashi a gida, amma da ta shiga fata sau biyu sai leɓen ya kwanta a kan baki, ka ce ƙarfen banza ne. Inoks mai araha ta fi kowa wannan hali, leɓenta kamar roba yake, yana komawa dama yana komawa hagu ya ƙi tsinkewa. Maganinsa, ƙara tayar da wuƙar kaɗan, kamar digiri 5 a kan na da, ka ja sau biyu a kowane gefe da hannu marar nauyi.

Sai fata, kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa. Samu tsinken fata mai kauri, faɗin yatsu uku, tsawon kamu ɗaya da rabi. A wajen dukawan Marwa irin wannan ragowar yanka ce. Manna ta a katako, gefen nama a sama. A kan fata baya-baya ake ja, bayan wuƙa a gaba, baki na biye, in ba haka ba ka yanke ta. Sau 15 zuwa 20 kowane gefe, a kwanciyar da ka yi washi. Kada ka murɗa hannu a ƙarshen ja; ɗaga wuƙar cak, sannan ka juya. Murɗawar nan ita ke mulmule kaifin da ka sha wahala a kai.

Gwaji: riƙe takardar littafin makaranta a iska ka yanka a hankali daga gindi zuwa tsini. Inda ta tsaya ko ta yage, akwai saura. Ko ka ɗora bakin a farcen babban yatsa a karkace, ba dannawa: mai kaifi yana kamawa, dakusasshe yana zamewa. Ga mai yanka abin da ya kama, wannan ba ado ba ne. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa mutum ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa.

Giɓi, karyayyen tsini, da injin

Ƙaramin giɓi, wanda bai kai milimita ɗaya ba, yana tafiya a washin kaushi, muddin ka ci bakin duka daidai, ba wurin giɓin kaɗai ba, kada ka bar rami a tsakiya. Babba kuwa, tsayar da wuƙar a kan dutse kamar za ka yanka shi, ka goga har giɓin ya ɓace, sannan ka sake fitar da baki daga farko. Tsinin da ya karye, ta bayan wuƙa ake gyara shi: ci bayan wuƙar, ka sauko da shi har ya haɗu da baki. In ka ci ta wajen baki, lanƙwasar fiɗa ce za ka rasa.

Wuƙar da ta shekara biyu ana washi, bakinta ya hau zuwa inda ƙarfen ya fi kauri. Za ka ga tana da kaifi amma tana cijewa a nama. Kwantar da ita sosai, kamar digiri 10, ka rage kafaɗun a dutse mai kaushi, sannan ka koma 20.

Injin washi kuwa, ga abin da yake yi. Maƙeri ya gasa ƙarfen ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, sannan ya ɗan ɗumama shi don kada ya zama mai karyewa. Bakin wuƙa siriri ne, busasshen dutse mai gudu yana zafafa shi cikin ƙiftawa da bismillah. Launi yana faɗa maka: ruwan ƙasa-ƙasa kamar busasshiyar ciyawa, zafin ya kai wajen digiri 230, shuɗi, ya kai wajen 300, taurin wurin ya tafi, kuma ba ya dawowa da sanyi. Sai dai a cinye wurin da dutse har a kai lafiyayyen ƙarfe, ko a mayar wa maƙeri ya sake ba shi tauri. Adda da gatari su je injin. In dole ta sa wuƙa za ta je, a tsoma ta a ruwa bayan kowace taɓawa, kuma ka ɗora yatsa a bayanta: in yatsan bai jure ba, ƙarfen ma bai jure ba.

A daji

Gashin dabba a lokacin hunturu cike yake da ƙura da yashi, shi ya sa yake cin kaifi fiye da nama. Huda fatar sau ɗaya, ka juya bakin sama, ka tsaga daga ciki zuwa waje, yatsu biyu suna ɗaga fatar a gaban tsini don kada ya huda tumbi. Gaɓa ake nema, ba a sarar ƙashi. Kada a soka wuƙa a ƙasa don a huta. Soka ɗaya a yashi ya isa ya mayar da kai dutse. Ɗan gutsuren dutse mai laushi a aljihu, ja biyar kowane gefe da zarar ka ji ta fara nauyi, ya fi ka bari ta mutu. Wuƙa mai taushi kuwa sau da yawa lanƙwashewa kawai ta yi, ƙarfen da mahauta ke goga wuƙa a kai ko bayan wata wuƙar zai miƙar da bakin. (Waza, Binuwai, Faro da Buba Njida gandun hukuma ne, ba a farauta a ciki, wuƙa mai jini a hannunka a can magana ce babba.)

Mushen da ka tarar a daji, kada wuƙarka ta taɓa shi. Akwai cututtukan da ke kama mutum daga jini da fatar irin wannan dabbar.

Jini, mai da kube

Jini yana da gishiri, abin cikin tumbi yana da tsami, su biyun suna huda baƙin ƙarfe a dare ɗaya. Wanke da ruwa da sabulu, ka kula da mahaɗar ruwan wuƙa da ƙota inda jini ke maƙalewa ya yi wari. Goge ta bushe ƙarau, sannan ka shafa mai kaɗan, yadda zai yi sheƙi ba tare da ɗiga ba. Wuƙar da ke taɓa nama, man kaɗanya ko basilin ya fi dacewa da ita. Man keken ɗinki yana da kyau ga dogon ajiya, sai dai a wanke kafin aiki. Baƙin man injin guba ne, ba ya hawa abin yanka abinci.

A bambance tsatsa da baƙi. Jar tsatsa mai gari tana cin ƙarfe. A goge ta da toka da jiƙaƙƙen tsumma, ko sanfefa 600 in ta kama. Launin toka-toka ko baƙi-baƙi da wuƙar maƙera ke yi da kanta kuwa kariya ce, kada a kankare shi. Wasu ma da gangan suke jawo shi: a wanke maiƙon, a shafa ruwan lemun tsami ko na tsamiya, a bari minti 10 zuwa 15, a ɗauraye, a busar, a shafa mai.

Kuben fata na tafiya ne, ba na ajiya ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan laima daga iska, kuma abin jimar yana baƙanta ƙarfe ya bar masa tabo. A Marwa da rani ba za ka ga illa ba. A Gaundare, inda damina ke kai wata bakwai, wuƙar da ta yi mako biyu a kube sai ta fito da tsatsa, kuben da fumfuna. In an rufe farauta, zare ta, shafa mai, naɗe a tsumma mai maiƙo, rataye kuben dabam inda iska ke bi, inda yara ba sa kaiwa. Kuben da ya jiƙe a inuwa ake shanya shi. Rana da wuta suna ƙanƙance fata ta tsage. Don ya rage shan ruwa, narka kakin zuma kashi ɗaya da man kaɗanya kashi uku a ƙaramar wuta, ka shafa a waje in ya huce. Kakin ba wuya a kasuwannin Adamawa. Lokaci-lokaci kife kuben ka bubbuga, domin yashin da ya taru a ciki yana goge kaifi duk shiga da fita. In za ka ba baduku ɗinkin sabo, ka ce ya sa tsinken fata na uku tsakanin biyun ta wajen baki, don kaifi ya sauka a fata, ba a zare ba.

Ƙota kuma hunturu ne abokin gabanta. Itace ko ƙaho yana bushewa ya tsuke, sai ka ji ruwan wuƙa yana girgiɗi. Kada ka jiƙa ta a ruwa don ta kumbura: kwana biyu za ta kama, sannan ta fi da sakewa, wutsiyar ƙarfen da ke ciki kuma ta yi tsatsa. In mai ƙusa ce, ɗora kan ƙusar a ƙarfe ka bubbuga ɗaya kan da ƙaramar guduma har ya baje. In zurawa aka yi, zare wutsiyar, kankare tsatsar, cika ramin da gam mai haɗi biyu, mayar da ita, ka bar ta a tsaye kwana guda. Ƙotar kirya ko marke tana jure wahala, amma ita ma a shafe ta da man kaɗanya a farkon hunturu, a bar ta ta sha, a goge ragowar don kada ta yi santsi a hannu mai jini.